Fankar da Malam Shiru Ya Zaɓa

Yayana Alhassan ya tsani ƙara tun yana yaro. Ba irin tsanar da kowa ke yi wa janaretan maƙwabci nake nufi ba. Mutum ne da zai zo gidana gaisuwa, ya zauna, ya karkata kai gefe, can ya ce, "Larai, wai agogon nan naki ba ya damun ki?" Agogon bango fa, wanda ni sai ya faɗa nake tuna cewa yana tafiya. Na gidansa kuwa tuni ya zare masa batir. Yana nan rataye a falo, baƙi su duba lokaci su ruɗe.

Ban ga laifinsa ba, don na san inda ya samo abin. A Rafin Guza aka haife mu, a gidan haya mai ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da rediyonsa. Babanmu Bakatsine ne, direban tirela, in yana hira a tsakar gida mutanen layin baya suna sa baki. Innarmu kuma injin markaɗe gare ta a ƙofar gida, daga asuba har magariba yana kuka. Ni na tashi na iya magana da ƙarfi, har yau ba a taɓa ce mini in maimaita ba. Shi kuwa Yaya sai ya ɗauki littafinsa ya gangara bakin rafi, ba ya dawowa sai yunwa ta koro shi.

Da ya gama makaranta ya samu aiki a wata ma'aikatar gwamnatin jiha, aka tura shi ɗakin ajiye fayil, wurin da kowa ke gudu. Shi ya ga aljannar duniya. An sha neman a mayar da shi ofishin sama, inda ake shiga da fita ana ɗan samun alheri, ya roƙi arziki a bar shi inda yake. Can ya zauna har ya yi ritaya. Abokan aikinsa suka sa masa Malam Shiru, sunan ya biyo shi har unguwa, har yara ma da shi suke gaishe shi ba su san tsokana ba ce. A Badarawa ya sayi fili a ƙarshen wani lungu da ko ɗan acaɓa ba ya shiga, ya yi ta gini kaɗan-kaɗan, ya ware wa kansa ɗaki ta gabas, ƙarƙashin wani tsohon mangwaro, da taga biyu. Ɗakin nan ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ce cikin randa ne. Babu mai shigar sa sai Rabi matarsa, ita ma shara take yi ta fito.

'Ya'ya biyu Allah ya ba su, Ubaidullah da Umaima, dukkansu da sikila. Lokacin da suka yi aure babu mai zancen gwajin jini. Ubaidullah ya rasu yana firamare. Umaima ce ta rage. Yarinya ce mai kai, mai baki irin nawa, abin da uwarta ke kira jarabawa ta biyu. Ta shiga jami'a, ciwo ya yi ta kwantar da ita, daga baya ƙashin kwankwasonta ya taɓu, hawa bene ya gagare ta. Ta dawo gida da sanda a hannu, ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

A gadon asibiti ta fara wasan tseren mota a waya, don kashe lokaci. Da Yaya ya karɓi haƙƙinsa na ritaya, ni na zaci Umara zai tafi. Sai ya sa sola a gida, ya zo nan Kinkinau wurin Sagir, wani magidanci mai haɗa kwamfuta wanda shagonsa ke kallon shagon atamfata, ya ce a haɗa wa 'yarsa kwamfutar wasa, da sitiyari, irin wanda totur da birki ke jikinsa don kada ta wahalar da ƙafa. Ranar na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce budurwa ce fa, ga keken ɗinki, ga injin saƙa, ga kasuwancin waya da 'yan mata ke yi daga kan gado, sai wasan yara? Ya bar ni na gama tas, ya ce, "To, na ji." Wannan ita ce amsarsa ga duk abin da ba zai yi ba.

Tun ranar da na zauna na kalli Umaima tana tuƙi, ban sake cewa uffan ba. Kafaɗunta sun sauka, haɓarta ta ɗan matso gaba, tana karya sitiyari da tafin hannu ɗaya, sak Babanmu in zai shiga kwana da kaya. Ba ta taɓa ganin sa ba, ya rasu kafin a haife ta. Da 'yan Legas take tsere, da 'yan Inugu da Fatakwal, kowa a ɗakinsa, intanet ya haɗa su a titi ɗaya. Sunan da take amfani da shi a can Tirela. Babu wanda ya san mace ce, babu wanda ya san da sandar da ke jingine a jikin kujerarta. In ta wuce mutum ya ji haushi, zagin ta yake yi tsakani da Allah. Ita kuma ta ce mini duk duniya babu abin da ke mata daɗi kamar zagin nan, don ba a rage mata komai a ciki saboda tausayi.

Bana wata ƙungiyar matasa ta shirya gasar tsere ta ƙasa baki ɗaya, ta intanet, zagaye bayan zagaye ana zubar da mutane. Umaima ta shiga tun lokacin sanyi, ta yi ta haurawa. Zagayen ƙarshe aka sa shi wata Asabar a watan Afrilu, bayan azahar. Dokarsu kuma ba ta da kara: wanda injinsa ya mutu a tsakiyar tsere ya fita, babu sakewa, babu uzuri. Nan matsalar ta taso, don injin Umaima ya fara mutuwa.

Karon farko aikin Rabi ne, kuma sai da aka wahala kafin a gano. Rabi mace ce da ba ta iya ganin abu mai daraja a buɗe. Talabijin na da rigarsa ta saƙa, firji na da tasa, rediyo, filas, har rimot ba a bar shi tsirara ba. Da ta ga akwatin kwamfuta, baƙi, a ƙarƙashin tebur babu ko ɗan ƙyalle, sai tausayi ya kama ta. Ta zauna ta saƙa masa riga mai kauri, ruwan hoda da fari, da geza a ƙasa, ta faki lokacin da Umaima ta shiga wanka ta sa masa. Umaima ba ta iya sunkuyawa, ba ta gani ba. Duk ƙofofin da iska ke shiga da fita suka toshe. Da Sagir ya zo dubawa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗarsa na rawa. Da ya ɗago sai ya ce, "Hajiya, wallahi saƙar ta yi kyau, amma shi wannan bawan Allah numfashi yake yi." Rabi ta zare rigarta tana ƙunƙuni, ta kai ta kicin ta sa wa bulanda.

Aka samu sauƙi har zafi ya shigo sosai. Ɗakin Umaima yamma yake kallo, rana na dukan bangonsa tun daga azahar. Ba a kunna mata fanka sai a lamba ɗaya, ita ma a juya ta bango. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa ko zancenta ba a yi, don sanyi in ya shiga ƙashinta sai asibiti. Ita ɗumin ya yi mata daidai, ga gorar ruwanta a gefe tana kurɓa. Injin ne bai yarda ba. In wasa ya yi nisa sai hoto ya fara tsinkewa, mota ta riƙa tsalle, can allo ya yi baƙi ƙirin. Zagayen kusa da na ƙarshe da ƙyar ta tsallake shi, motar na ƙin jin sitiyari. Bayan nan kullum ta zauna atisaye sai ya mutu mata. Rannan ta fito tsakar gida ta ce, "Baba, a bar shi kawai. Zan rubuta musu na janye." Babu hawaye a idonta. Irin muryar da ta faɗi zancen barin jami'a ce, kuma duk mun gane ta.

Washegari Yaya ya rungumo akwatin a keke napep har Kinkinau. Ina hango shi na rufe shagona na tsallako, don in na bar shi shi kaɗai ba zai yi tambaya ba.

Sagir ya kwance gefen akwatin, ya cire wata 'yar fanka, ya nuna mana wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai fi biskit ba. "Alhaji, ka ga wannan? Shi ne furosesa, shi ne ƙwaƙwalwar injin. Duk lissafin motocin nan a kansa yake. In yana aiki zafi yake ɗauka kamar dutsen guga. In zafin ya yi yawa ya rage gudu, in ya ƙi sauka ya kashe kansa don kada ya ƙone. 'Yar fankar nan da ta zo da shi ta aikin ofis ce, ai na faɗa maka tun farko in bazara ta zo za mu sake magana. Yanzu hanya biyu ce, ko iska ko ruwa."

"Ruwa?" na ce. "A cikin kayan wuta? Sagir, kashe mana yarinya za ka yi?"

"Haba Anti Larai, ba da buta za a zuba ba."

Ya sauko da kwalaye biyu. Na iskan wani dunƙulen ƙarfe ne, girman burodi babba, siraran faranti jere a kan juna, bututun jan ƙarfe sun ratsa su, fanka ɗaya a gaba ɗaya a tsakiya. Bututun su janyo zafi daga furosesa su kai wa farantan, fankoki su hure shi. Na ruwan kuwa kyakkyawa ne, na yarda. Ɗan famfo zagayayye mai fitila zai zauna a kan furosesa, tiyo biyu su kai ruwa wani siririn lagireto mai fankoki uku, ya huce ya dawo. A rufe yake tun daga kamfani, ba a ƙara masa ruwa. Yaya ɗan direba ne, yana ganin lagireto ya gyaɗa kai.

"Wanne ya fi?" na tambaya, tunda mai akwatin ya ƙi buɗe baki.

"Kowanne da halinsa," in ji Sagir. "Na ruwa ya fi jure zafi in ya taso gaba ɗaya, kuma bai cika ƙara ba. Sai dai famfon na iya mutuwa ba sallama, in ya mutu kuma ba gyara, sai a aiko da wani daga Legas. Yoyo ma ana samu, amma ba kasafai ba. Na iska babu abin lalacewa a jikinsa sai fanka, ita kuma ko a kasuwa ka samu. Matsalarsa nauyi da cin wuri, sannan in wasa ya yi zafi za ka ji muryarsa." Ya ɗan sosa ƙeya. "Amma Alhaji, in gaya maka tsakani da Allah, babu wanda ke ƙirƙiro sanyi a cikinsu. Kwashe zafi suke yi su zuba wa iskar ɗaki. Na shiga ɗakin yarinyar nan. In iskar da kanta ta dahu, na ruwan zai fi daɗewa, amma ba zan rantse maka zai kai ƙarshen tsere ba."

Sai a nan Yaya ya yi magana. Ya ce yana so ya ji su. Sagir na da kwamfuta biyu a shagon, ɗaya da wannan ɗaya da wancan, ya kunna wasa a kowacce ya bar su suka ɗauki zafi. Yaya ya cire hula, ya sunkuya ya kanga kunne a jikin mai ruwa. Wani ɗan gurnani ne a ƙasa-ƙasa, sai ka natsu za ka ji. Ya koma wurin mai iska. Fankarsa tun kafin ya sunkuya ta fara ɗaga murya, huuu, tana hawa tana sauka yadda wasan ke tsananta.

"Ai magana ta ƙare," na ce. "Mutumin da agogo ya dama? Sagir, ɗaure mana na ruwa."

"To, na ji," in ji Yaya. Ya sa hularsa, ya ce a ajiye masa akwatin zai waiwayo.

Da la'asar Rabi ta kira ni a waya. "Larai, zo ki ga yayanki. Ya kira Sanda magini yana fasa mana bango."

Na tarar da abin da ban taɓa zaton gani ba: ƙofar ɗakin Yaya a buɗe, an ja gadonsa gefe, littattafansa a tsakar gida, Sanda na dukan bango da guduma da kurfi, shi kuma mai ɗakin na tsaye a kansa yana nuna masa. Ɗakinsa da na Umaima baya da baya suke, bango ɗaya ya raba su. Rami aka huda daidai tsayin tebur, aka cusa guntun fayif na roba a ciki aka shafe gefensa da siminti. Dabarar ita ce akwatin ya zauna a ɗakin Yaya, inda iska ke ratsawa, wayoyin allo da na sitiyari su bi ta fayif su iske Umaima. Ita tana cikin ɗuminta, inji na cikin sanyinsa. Ya riga ya tambayi Sagir a waya, Sagir ya ce in aka samu dogayen wayoyi masu kyau babu abin da zai hana, kuma in haka ne duk wanda aka sa a cikin biyun zai riƙe.

Na ji daɗi har na manta ni ce mai faɗa. Na ce to yanzu ma na ruwa ya zama dole, tunda kusa da gadonsa abin zai zauna.

"Na iska za a sa," in ji shi.

Na zaci ban ji daidai ba. Ya ce fanka ana ganin ta da ido tana juyawa, in ta tsaya a saya wata a ranar. Famfo kuwa a ɓoye yake, in ya mutu ana gobe tsere, waye zai je Legas? Na ce wannan dalilin Sagir ne, ya kai wa Sagir. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, na san shi tun yana toshe kunne da auduga in Inna ta tada inji, ya faɗa mini nawa dalilin. Ya dube ni, ya dubi tagar Umaima, ya ja ni muka koma gindin mangwaro.

"Larai, yarinyar nan ta hana a leƙa ta," ya ce a hankali. "Ta ce ta gaji da buɗe ido ta ga mutum tsaye a kanta yana duba ko tana numfashi. Tana da gaskiya, na daina. Amma kullum da safe sai in je bakin ƙofarta in kasa kunne, kamar ɓarawo a gidana."

Ya tsinki ganye ɗaya yana murzawa.

"Ranar da Ubaidullah ya rasu ina ɗakin can ina karatu. Gidan ya yi tsit. Na ce a raina alhamdu lillahi, yau yaron ya samu barci. Na ji daɗin shirun nan, Larai. Na daɗe ina jin daɗinsa kafin Rabi ta shiga ta duba." Ya yar da ganyen. "Wannan fankar, in Umaima ta tashi ta zauna ta kunna, zan ji. In ta shiga tsere zan ji ta ɗaga murya. Ba sai na tambaye ta ba, ba sai na tsaya a ƙofa ba. Me zan yi da wanda ba ya magana?"

 Tausayinsa ya kama ni, sannan wani alfahari ya biyo baya. Na ce masa Allah ya sa a dace, na shiga na taya Rabi kwashe ɓaraguzan siminti.

Sagir ya zo da akwatin da kwalin na iska. Ya goge kan furosesa tas, ya ɗiga masa wani mai ruwan toka kamar man goge baki, ya ɗora dunƙulen ƙarfen ya ɗaure. Da ƙyar murfin gefe ya rufu. Aka zura wayoyi ta fayif, Umaima na karɓa daga can tana cewa a ƙara turowa. Yaya ya sa an ɗora akwatin a kan wani ɗan benci tsakanin tagogin nan biyu, ya kuma kira Rabi ya nuna mata shi, ya ce ko hankici bai yarda a ɗora ba. Ta ce ita ta yafe shi duniya da lahira.

Daga ranar ɗakin Malam Shiru ya zama ɗakin inji. Ka zo da hantsi ka same shi a kujerarsa da jarida, fanka na huci a gefen ƙafarsa, ko a jikinsa. Ba a jima ba ya iya karatun ta. In tana ƙasa-ƙasa ya ce Umaima na zaɓen mota. In ta ɗaga ya ce an tashi. Kada ka zaci halinsa ne ya canza, a'a. A makon nan ma sai da ya je ya yi wa maƙwabci magana a kan janareta, mutumin ya bi shi da kallo, don ana jin hucin fankar daga lungu in taga na buɗe. Umaima ba ta san dalilin ba, kuma ban faɗa mata ba. Ta dai ce da ni, "Gwaggo, anya Baba lafiyarsa ƙalau?" Na ce ta kula da tuƙinta.

Asabar ɗin ta zo da zafi irin wanda ko kaji ba sa fitowa. Tun da safe Yaya ya mayar da gidan kan sola, kada a ɗauke wuta a tsakiyar abu, ya zare firji don ya rage wa batir kaya. Har ƙanƙarar zoɓon Rabi ta narke. Umaima ta ci abinci, ta sha magani, ta cika gorarta, ta ce kada kowa ya shigo mata, ta rufe ƙofa. Rabi ta shige kicin da carbi. Ni da Yaya muka zauna a ɗakinsa, shi a kujera ni a bakin gado, muna kallon baƙin akwati da wayoyi sun shige bango. Ba ma ganin titi, ba ma ganin mota. Duk Najeriya na tsere, mu fanka muke sauraro.

Tana ƙasa-ƙasa, tana ƙasa-ƙasa, sai ta ɗauka. "An tashi," in ji Yaya. Ya matso da kujera, ya sa tafin hannu a bayan akwatin inda iska mai zafi ke fita, ya bar shi a nan. Fankar ta yi ta hawa har ta kai inda ban taɓa jin ta kai ba. Na duba ta gilashin gefe na ga tana juyawa har ba a ganin fukafukanta. Can na farga ashe mafici ne a hannuna ina yi wa akwati fifita, ni Larai, da girmana da jikokina. Yaya ya gani, bai hana ni ba. Ta fayif ɗin muna jin ƙarar sitiyari na bugawa, wani lokaci mu ji Umaima ta ja tsaki.  Tseren ya yi tsawo, zufa ta jiƙa rigar Yaya, bai ɗauke hannunsa ba.

Sai fankar ta sauka gaba ɗaya.

Muka dubi juna. Ko an gama ne, ko mutuwa ya yi? Na leƙa gaban akwatin na ga 'yar fitilarsa na ci, fankar na juyawa a hankali. Kafin in buɗe baki muka ji an banko ƙofa, sanda na dukan siminti da sauri. Umaima ta tsaya a ƙofar ɗakin ubanta, ɗankwali ya zame, ido ya yi ja, tana huci.

"Ta uku!" ta ce. "Ta uku, Gwaggo! Ina gaba fa, ina gaba har kwanar ƙarshe, wani ɗan Fatakwal ya shigo ta ciki ya bugi bayana, na juya, mutum biyu suka wuce ni. Da gangan ya yi, wallahi da gangan ya yi!"

"Injin bai tsaya ba?" in ji Yaya.

"Baba, wa ke ta inji? Inji lafiyarsa lau! Ni ya kamata in zo ta ɗaya!"

Ta ci gaba da masifa, tana nuna kwanar da sandarta a iska, tana rantsuwa gasa mai zuwa sai ta koya wa yaron nan hankali. Rabi ta fito daga kicin tana tambaya an ci ko an faɗi, babu wanda ya amsa mata. Ni Yaya nake kallo. Ya jingina da kujera, hannunsa da ya yi ja yana kan gwiwa, yana kallon 'yarsa tana faɗa a kan gasa mai zuwa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Aka kira la'asar. Ya yi alwala ya ɗauki hula, ni ma na ɗauki jakata zan koma shago, muka fito tare. A bakin lungu muka gamu da Malam Yakubu, dattijon maƙwabcinsu, shi ma masallaci za shi. Suka gaisa, ya sauke murya irin yadda mutanen unguwar suka saba yi in za su tambayi Umaima, ya ce, "Malam Alhassan, ya mai jiki?"

"Mai jiki ta zo ta uku a duk Najeriya," in ji Yaya.

Malam Yakubu ya tsaya da baki buɗe. "A me fa?"

"A tseren mota. Kuma da ba a buge ta a kwana ba, ita ce ta ɗaya. Tsaya ka gani."

Ya durƙusa a nan bakin hanya da farar rigarsa, ya ɗauki tsinke ya zana titi a ƙasa, ya lanƙwasa shi, ya ajiye tsakuwa ɗaya ya ce wannan Umaima ce, ya ajiye wata ya ce wannan ɗan Fatakwal ne. Masu zuwa masallaci suka fara taruwa suna leƙe. Ladan ya tada iƙama yana nan durƙushe, yana tura tsakuwar ɗan Fatakwal ta ciki, yana tambayar jama'a ko wannan tuƙin adalci ne.

Ni dai na tsaya da jakata a hannu ina kuka a bakin titi, ban kuma damu da wanda ya gan ni ba.